Yadda ake shirya muhawara kan shugaban da ya ja ragamar ƙasa lokacin yaƙi

Malamin da ke kula da ƙungiyar muhawara a sakandare, ko shugaban ƙungiyar ɗalibai a jami'a ko kwaleji a nan Kaduna, idan yana son maudu'in da zai tilasta wa yaransa karatu na gaske, da wuya ya sami wanda ya kai batun shugabancin lokacin yaƙi. Sai dai akwai wurin da kusan kowa ke tuntuɓe. Ɗalibi zai tashi ya karanto jawabin shugaba mai ratsa zuciya, zaure ya ɗauki tafi, alƙalai su ba shi maki, alhali bai ce uffan ba game da ko shawarar da shugaban ya yanke ta yi daidai. Iya magana abu ɗaya ne, iya yanke shawara wani abu ne daban, kuma duk shirin da za a yi ya kamata ya koya wa ɗalibi auna kowanne da ma'auninsa kafin ya haɗa su.

Zaɓen shugaba da tsara ƙuduri

Idan ɗaliban sababbi ne, a fara musu da shugaban wata ƙasa. Abraham Lincoln na Amurka, wanda ya jagoranci yaƙin basasar ƙasarsa daga 1861 zuwa 1865, ya dace, haka ma Franklin Roosevelt a yaƙin duniya na biyu. Dalili shi ne waɗancan yaƙe-yaƙen ba sa sosa zuciyar ɗalibai kamar yaƙin gida, don haka za su koyi auna hujja ba tare da zuciya ta tashi ba. Bayan sun goge sai a kawo su gida, kan Janar Yakubu Gowon da yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. A tuna musu tun farko cewa Gowon shugaban mulkin soja ne, ba zaɓaɓɓe ba. Wannan yana da nauyi, domin Lincoln ya tsaya zaɓe a 1864 ana tsakiyar yaƙi, dole ya rarrashi masu jefa ƙuri'a, shi kuwa Gowon waɗanda ya fi buƙatar riƙewa su ne hafsoshin soja da gwamnonin jihohi da manyan 'yan siyasa.

Kada a rubuta ƙuduri kamar "Gowon shugaba ne nagari". Ba shi da iyaka, kowa zai kama gabansa, wani ya tafi shirin hidimar ƙasa na 1973, wani ya tafi juyin mulkin 1975. Ƙuduri mai kyau yana ɗauke da lokaci, da abin da za a auna, da kuma gefe biyu masu kusan nauyi ɗaya. Misali: "Wannan zaure ya yarda cewa daga watan Mayu 1967 zuwa Janairu 1970, matakan da Gowon ya ɗauka sun cika alkawuran da ya yi a jawabansa." Ko kuma: "Wannan zaure ya yarda cewa jawabin ƙarshen yaƙi na 15 ga Janairu 1970 ya fi kowane mataki na soja amfani wajen riƙe Najeriya." Kafin a sanar da ƙuduri, malami ya zauna ya rubuta hujja uku ga kowane gefe. Idan ya kasa samo uku masu ƙarfi ga gefe ɗaya, ƙudurin ya karkata, a sake shi.

A ba da mako uku na shiri, kuma a yi ƙuri'a wajen raba gefe. Kada a bar ɗalibi ya zaɓi gefen da zuciyarsa take so, musamman a kan batun gida.

Takarda mai gida uku

Wannan shi ne aikin makon farko, kuma a nan muhawarar take tsayuwa ko ta rushe. Kowace ƙungiya ta sami babbar takarda ta ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ta sami gida uku. A gida na farko a rubuta abin da shugaban ya faɗa da ranar da ya faɗa. A na biyu abin da ya aikata. A na uku abin da ya sani a lokacin, ba abin da muka sani yau ba.

Ga ginshiƙan da takardar Gowon ba za ta rasa ba. Ya hau mulki ranar 1 ga Agusta 1966 yana da shekara 31, bayan juyin mulki biyu a shekara ɗaya, na farkon shi ne na 15 ga Janairu wanda aka kashe Sardauna a cikinsa a nan Kaduna. An kashe 'yan ƙabilar Ibo da yawa a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba na wannan shekara, abin da ya sa ɗimbin mutane suka koma Gabas. An zauna a Aburi ta ƙasar Gana ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, aka dawo kowane ɓangare yana fassara yarjejeniyar yadda ya fahimta, gwamnatin tarayya ta fitar da Doka ta 8 a watan Maris, Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, ya ce ba ta cika abin da aka amince ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida a Arewa, ya raba Gabas gida uku. Ranar 30 ga Mayu Ojukwu ya ayyana ɓallewar Gabas da sunan ƙasar Biyafara. An fara harbi ranar 6 ga Yuli, gwamnati tana kiran abin aikin 'yan sanda na ɗan lokaci. A watan Agusta sojojin Biyafara suka kutsa Yamma ta Tsakiya har suka kai Ore, daga nan aka koma yaƙi gadan-gadan. Inugu ta faɗi a farkon Oktoba 1967, a watan ne kuma aka kashe fararen hula masu yawa a Asaba. An canja kuɗin ƙasa a Janairu 1968, Fatakwal ta faɗi a watan Mayu, Biyafara ta rasa hanyar teku, yunwa ta tsananta. A watan Mayu 1969 Gowon ya sauya kwamandojin rundunoninsa, Obasanjo ya karɓi runduna ta uku daga hannun Adekunle. Ranar 12 ga Janairu 1970 Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya sanar da ajiye makamai, ranar 15 aka kammala miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas.

Gida na uku ne ɗalibai suke ƙyuyar cikewa, kuma shi ya fi amfani. Wanda zai ce kiran yaƙin aikin 'yan sanda kuskure ne, dole ya nuna cewa a watan Yuli 1967 akwai alamun da ya kamata Gowon ya gani. Wanda zai kare shi dole ya nuna me ya sa mai hankali a wannan matsayi zai yi zaton abin ba zai daɗe ba. Idan ba a cike wannan gida ba, muhawarar za ta koma hukunta mutum da ilimin da bai zo ba sai bayan shekara uku.

Game da inda za a samo bayani, Kaduna ta yi sa'a. Akwai Gidan Arewa a kan titin Rabah, akwai kuma reshen ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Malami ya rubuta wasiƙar gabatarwa daga makaranta, ya tura ɗalibai biyu ko uku su nemi tsofaffin jaridun lokacin, irin su New Nigerian da aka fara bugawa a Kaduna a 1966, da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Su riƙa tuna cewa waɗannan jaridu daga ɓangaren tarayya suke kallon yaƙin, don haka a nemo abin da ɗaya ɓangaren ya faɗa, kamar jawabin Ahiara da Ojukwu ya yi ranar 1 ga Yuni 1969. Duk maganar da aka tsinto a WhatsApp ko Facebook aka jingina wa shugaba, in ba a gan ta a cikakken jawabi mai kwanan wata ba, ba ta shiga zaure.

Yadda ake auna jawabi

A mako na biyu kowace ƙungiya ta ɗauki jawabi biyu kacal, ta karanta su daga farko har ƙarshe da babbar murya, sannan ta amsa tambayoyi huɗu a rubuce. Da wa yake magana? Me yake so su yi bayan sun ji? Me ya yi shiru a kansa? Me ya biyo baya a cikin wata shida?

Tambayar farko tana warware rikici da yawa. Jawabin shugaba lokacin yaƙi yakan nufi kunne huɗu a lokaci guda: sojan da ke fagen daga, farar hular da ke gida, abokin gaba, da ƙasashen waje masu sayar da makamai ko kawo agaji. Jimlar da ta yi wa soja daɗi tana iya tsorata farar hular ɗaya ɓangaren. Lokacin da Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, yana kwantar da hankalin mutanen Gabas da ke tsoron ramuwar gayya, yana kuma ja wa sojojinsa kunne, bayan rundunar ta kumbura daga kusan 10,000 zuwa kusan 250,000. Ɗalibin da ya nuna wa alƙalai waɗannan kunnuwa biyu ya fi wanda ya maimaita jimlar sau biyar.

A kula da yanke magana daga muhallinta. A jawabin Gowon na 1 ga Agusta 1966 akwai wurin da ya ce tushen haɗin kai babu shi ko ya girgiza ƙwarai. Masu suka sukan ɗauko wannan su ce shi kansa bai yarda da Najeriya ɗaya ba. Masu kare shi sukan amsa cewa jimlar da ta gabata tana magana ne a kan tsarin mulkin dunƙule da Janar Ironsi ya kawo da Doka ta 34 a watan Mayu 1966. Duk gefen biyu suna da abin faɗa, amma wanda bai karanta sakin layin gaba ɗaya ba, za a kama shi cikin daƙiƙa goma.

Tsawon jawabi kuma ba shi ne ma'auni ba. Ranar 19 ga Nuwamba 1863 a Gettysburg, wurin taron ƙaddamar da maƙabartar sojojin yaƙin basasar Amurka, babban mai jawabi Edward Everett ya yi kusan awa biyu yana magana, Lincoln ya yi kamar minti biyu da kalmomi ƙasa da 300, nasa ne kuma aka riƙe. Amma kada ɗalibi ya tsaya a nan. Lincoln ɗin nan ne ya dakatar da haƙƙin kai wanda aka tsare gaban alƙali tun 1861. Roosevelt da ke zantawa da jama'arsa ta rediyo cikin taushin murya shi ne ya sa hannu a umarnin watan Fabrairu 1942 da aka tsare mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni. Waɗannan misalai suna koya wa ɗalibi ya riƙa tambaya: a ranar da baki yake faɗin wannan, hannu me yake sa wa hannu?

Gina hujjar kowane gefe

Hujja uku ta isa, kowace da tsari ɗaya: iƙirari a jimla ɗaya, shaida mai kwanan wata, sannan bayanin yadda shaidar ta taɓa ƙudurin. Mataki na ukun ne ake yawan tsallakewa.

Masu goyon baya suna da ƙa'idojin ɗa'a da Gowon ya fitar wa sojoji a 1967, da gayyatar masu sa ido na ƙasashen waje a 1968, da kafa jihohin Ribas da Kudu maso Gabas wanda ya ba ƙananan ƙabilun yankin dalilin zama cikin tarayya, da jawo Cif Obafemi Awolowo ya riƙe ma'aikatar kuɗi, da afuwar da aka yi bayan yaƙi tare da shirin sulhu da sake gini da farfaɗo da jama'a. Masu adawa suna da Asaba, wadda ke nuna cewa ƙa'idar da ke kan takarda ba ta kai ko'ina ba, da toshe hanyoyin da ya jawo yunwar da ta kashe yara da mata, da tambayar ko an cika alkawarin Aburi, da kuma fam 20 da aka ba masu ajiya a bankunan yankin bayan yaƙi, abin da har yau ake jin zafinsa a Gabas.

Adadin waɗanda suka mutu yana buƙatar taka-tsantsan. Ƙiyasin masana ya sha bamban sosai, daga ɗaruruwan dubbai zuwa miliyan biyu ko fiye. Ɗalibi ya faɗi haka, ya ce ƙiyasi ne. Wanda ya tsaya kan lamba ɗaya tamkar an ƙirga, abokin hamayyarsa zai kawo wata lambar, minti biyu su tafi a banza. Haka kuma a bar ƙananan batutuwa kamar auren Gowon da aka yi a watan Afrilu 1969 ana cikin yaƙi. Yana jan hankalin zaure amma ba ya auna ƙudurin.

Kowace ƙungiya ta ware mutum ɗaya aikinsa kawai ya shirya hujjar abokan hamayya da iyakar ƙarfinsa, ya kawo musu hari a wurin gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma raddin da aka fara tunaninsa a kan mumbari yakan fito da in-ina.

Tsarin zama da rabon maki

Mutum uku kowane gefe. Na farko minti shida, ya fayyace ƙuduri ya kawo hujja biyu. Na biyu minti biyar, rabi raddi, rabi hujja ta uku. Na uku minti huɗu, raddi zalla, ba a yarda ya kawo sabuwar hujja ba. Daga nan minti goma na tambayoyin zaure, sai kowane gefe ya rufe da minti biyu, masu adawa su fara. Duka bai kai awa ɗaya ba. Mai lura da lokaci ya buga ƙararrawa sau ɗaya idan saura minti ɗaya, sau biyu idan lokaci ya cika, bayan daƙiƙa 15 alƙalai su ajiye biro.

Alƙalai uku ko biyar, don kada a yi kunnen doki. Cikin maki 100, a ba hujja da shaida 40, raddi 25, tsarin magana 15, lafazi da tsayuwa 20. A lura da cewa lafazi bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma da gangan ne. Muhawarar da ke tuhumar ko daɗin baki ya rufe aikin shugaba bai kamata ita ma ta bar daɗin baki ya rufe hujjar ɗalibi ba. Kowane kwanan wata ko adadi da aka tabbatar kuskure ne, a cire maki biyu. A zauna da alƙalai minti 15 kafin a fara, a karanta musu wannan rabo, domin alƙalin da ba a yi wa bayani ba yakan bi tafin zaure.

Horar da baki

Ɗalibi ya rubuta jawabinsa cikakke, ya karanta da agogo a hannu. Mai magana da Hausa a natse yakan yi kalma 110 zuwa 130 a minti, don haka minti shida ba zai ɗauki fiye da kalma 780 ba. Bayan ya daidaita tsawon, ya ajiye takardar, ya mayar da ita kati huɗu ko biyar masu girman tafin hannu, kowane kati hujja ɗaya, da ranaku da adadi kawai a rubuce da manyan baƙaƙe. Wanda ya haddace jawabi kalma da kalma, da zarar an katse shi da tambaya sai zaren ya tsinke. Wanda ya shigo da cikakkiyar takarda kuma kansa a sunkuye zai ƙare, murya tana tafiya ƙasa.

Gaisuwa kada ta wuce daƙiƙa 20: "Mai girma shugaban zama, alƙalai masu adalci, mai lura da lokaci, abokan muhawarata, 'yan'uwa masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci." Daga nan ya shiga magana. Idan ya zo kan kwanan wata ko adadi ya rage gudu, ya ɗan tsaya bayansa, domin a lokacin ne alƙali yake rubutawa. A yi gwaji aƙalla sau ɗaya ba tare da makirufo ba, mutum ɗaya ya tsaya a bayan aji ya ɗaga hannu duk lokacin da bai ji ba, saboda wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar magana. A ɗauki gwajin da waya, ɗalibin ya saurari kansa, ya ƙirga sau nawa ya ce "wato" da "ka gane".

Raddi yana da tsari. A maimaita abin da abokin hamayya ya faɗa daidai yadda ya faɗa, a amince da abin da yake gaskiya a ciki, sannan a nuna inda ya gaza. Misali: "'Yar'uwata mai magana ta biyu ta ce an fitar wa sojoji ƙa'idojin ɗa'a a 1967, kuma haka ne. Amma ƙudurinmu yana tambaya ko an cika alkawari. A watan Oktoba na wannan shekarar aka yi abin da aka yi a Asaba. Ina roƙon ta gaya wa zaure wane mataki ya biyo baya." Wanda ya murɗe maganar abokinsa don ya sami sauƙin rusa ta, alƙalai su rage masa a makin raddi.

Ranar muhawara

Kaduna gari ne da ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Tasha da ɗan Kawo suke zama benci ɗaya, kuma a cikin zauren akwai jikan sojan da ya yi yaƙin, akwai jikar wanda ya gudu daga Arewa a 1966. Shugaban zama ya zama babba mai kwarjini, malamin tarihi in da hali. Kafin a fara ya faɗi dokoki da bakinsa: ana tuhumar shawarar shugaba ne, ba ƙabila ko addini ba; ba a cewa "ku" ko "mu" idan ana nufin ɓangarorin yaƙi, sai dai "gwamnatin tarayya" da "Biyafara"; ba a yi wa mamaci ba'a; kuma gefen da kowa yake karewa ƙuri'a ce ta ba shi. Wannan na ƙarshen yana kare ɗalibi daga a bi shi da magana bayan an tashi. Wanda ya karya doka a yi masa gargaɗi sau ɗaya, na biyu a zaunar da shi.

Tambayoyin zaure a rubuto su a takarda, shugaban zama ya tace kafin ya karanta. Miƙa makirufo hannu da hannu a irin wannan maudu'i shi ne hanyar da aka fi rasa ragamar zama, domin mai tambaya yakan tashi ya yi nasa jawabin.

Idan alƙalai sun haɗa maki, babbansu ya yi minti uku yana bayanin hujjar da ta raba gardama da wadda aka bari ba a amsa ba, kafin ya faɗi wanda ya ci. A karɓi takardun nan masu gida uku a ajiye a fayil ɗin ƙungiya, tare da takardun makin alƙalai. Bayan mako biyu a sake zama a kan ƙudurin nan dai, a musanya gefe, masu goyon baya su koma adawa, a ba su kwana biyar kacal na shiri tunda kayan aikin suna hannu.